Sai-na-gani da Firijin Asibitin Unguwa

Faɗanmu na farko da shi a kan firizata ne, kuma har gobe ban ba shi haƙuri ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Lokacin bai daɗe da kama shagon da ke jikin katangar gidana ba, ni kuwa ƙanƙara nake sayarwa, firizar nan ita ce uwata ita ce ubana. Ta daina sanyi, na sa aka cicciɓa ta aka kai masa. Kafin ya taɓa ta sai ya miƙo mini ƙusa.

"Iya, karce injin nan. Yi masa alamar da za ki gane."

Na ce, "Ni gyara na kawo ko zane?"

"Sai kin karce zan taɓa."

Na ja layi uku a jikin baƙin injin, na tafi ina tsaki. Bayan kwana biyu aka dawo mini da ita tana sanyi har da hayaƙi. Amma da na kasa kunne sai na ji kukanta ya canja. Da gurnani take yi kamar maigidan da ya ƙoshi, yanzu sai wani ɗan siririn sauti. Na yafa mayafi na fita, na tsaya a ƙofar shagonsa na tara masa jama'a. Na ce ya cire mini injina mai lafiya ya ɗaura mini na bola. Na ce da ganin ƙwayar idonsa an ga maras gaskiya. Ya biyo ni har gida, mutane na biye, ya juya firizar ya haska tocila. Ga layina uku, a karkace yadda na ja su.

"Injinki ne, Iya. Kunnenki ne ya saba da kukan maras lafiya."

Aka kwashe da dariya. Na ce to wa ya sani ko shi ya zana irinsu a jikin wani? Ya dube ni ya jima, sannan ya ce, "Wallahi da ni ne ke, abin da zan faɗa ke nan." Tun daga ranar muka gane juna. Zani ce ta tarar da mu je mu.

Sai-na-gani ake ce masa a layinmu, har sunansa na yanka ya ɓata. In ka ce masa ana ruwa, sai ya miƙa hannu waje. In ya sayo gas, sai ya ɗora tukunyar a sikeli tun mai kawowa bai juya ba. Wasu biro suke sokewa a aljihun gaba, shi ma'aunin sanyi yake sokewa, wani ɗan siririn gilashi, da shi yake zuwa ko'ina. A wajen wani ubangida ya koyi aiki, irin masu cire sabo su mayar da tsoho suna rantsuwa, ya yi shekara bakwai yana kallo yana haɗiye magana. Ranar da ya tsaya da ƙafarsa ya ce ba wanda zai taɓa kiran sa ɓarawo ya kwana lafiya, shi ya sa ƙusar. Shagon nasa kuwa kamar layin asibiti: firij-firij a jere, wani ba ƙofa, wani ba ƙafa an tokare shi da bulo, gwangwanaye cike da kusoshi, warin mai da na ƙonannen ƙarfe. 'Ya ɗaya Allah ya ba shi, malamar makaranta ce yanzu, tana aure can ƙetaren gari. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya jiƙanta, mace mai sanyin hali da ban san yadda ta zauna da shi ba.

Bara ne na lura ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Bayan wata biyu ya ƙara wata. Na ce masa yana ramewa, ya ce idona ne ya tsufa. Sai da 'yar tasa, Malama, ta zo ta ɗauke shi kamar kaya ta kai babban asibiti. Ciwon daji ne a hanji. Aka yi masa aiki, aka cire abin da za a cire, ya dawo yana tafiya a dudduƙe, hannu a ciki.

Ranar da suka koma ganin likita, Malama ta shigo ɗakina da wata takarda, ta zauna a bakin gado ta sauke ajiyar zuciya.

"Iya, saura magani mai ƙarfi, ta jijiya ake sa shi, kemo suke ce masa. Nan da sati uku za a fara."

"To, a fara mana."

"Ai akwai abin da za a yi kafin nan. Likita ya ce maganin bai san ɓarawo ba bai san maigadi ba, duka yake dokewa. Garkuwar jikin Baba za ta faɗi. Murar da ke za ki yi kwana uku ki warke, shi tana iya kwantar da shi. Don haka a yi masa alluran rigakafi tun yanzu da jikin yake da ƙarfin karɓa: ta mura, ta ciwon huhu, da ta hanta. Ya rubuta waɗanda za a yi, ya ce kar a ƙara ko ɗaya ba da saninsa ba. Kuma sai an ba jiki kamar sati biyu kafin kemo, in ba haka ba allurar ba lallai ta kama ba."

Ban yi makaranta ba, amma na iya cire biyu daga uku. Na ce, "Kwana bakwai ke nan."

"Kwana bakwai. Ranar kemo kuwa ya ce ba za a ɗaga ta ba. Na riga na je asibitin unguwar nan, Sista mai allurar wurin ta sa an kawo, suna cikin firijinta. Tafiyar minti biyar. Baba ya ce ba ya zuwa."

"Dalili?"

"Ya ce ba ya zuwa, shi ke nan. Iya, ke kaɗai yake jin kunyar bakinki."

Ba kunya ba ce, tsoro ne, amma na ƙyale ta.

Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauko kujerata na ajiye a ƙofar gida inda nake hango cikin shagon, na fara bin zargi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa.

Na farko, tsoron allura. Wannan na yar da shi nan take. Na taɓa ganin gefen kwano ya tsaga masa tafin hannu, ana ɗinkewa yana kallo yana ce wa mai ɗinkin ya matso da zaren.

Na biyu, maganar mutane. Mai aski da ke tsallaken titi ya ji labari, ya ƙetaro da almakashi a hannu.

"Injiniya, ka yi daidai! Alluran nan akwai abin da suke sakawa a ciki. Mutum da ciwo kuma a ƙara masa wani ciwon?"

Sai-na-gani ya ɗago kai. "Me suke sakawa?"

"Wani abu dai."

"Ka gani?"

"An faɗa mini."

"Wa?"

"Wani da na yi wa aski."

"To koma ka ƙarasa masa askin. 'Yata ba allurar da ban kai ta ba, ga ta nan tana koyar da 'ya'yanka ba sa ganewa."

Mai aski ya koma da sanyin jiki. Na yar da na biyu.

Rana ta uku ya rufe shago da hantsi ya fita. Ya dawo yana huci. Na ce daga ina? Ya ce wani babban kemis ya je, suka ce suna da ta mura. Ya ce a nuna masa inda take. Aka buɗe firij, ga kwalbar a ƙofa, tsakanin lemon kwalba da kwanon abincin mai shagon, ana buɗewa ana rufewa kamar ƙofar kasuwa. Ya juyo abinsa. Rana ta huɗu ya hau bas, da ɗinki a ciki, har asibitin wata unguwa. Suka ce na yara kawai gare su, na manya sai an rubuta an kawo, kwana goma. Kuma ai takardarsa ta nuna an riga an kai nasa unguwarsu.

A nan na gyara zama. Ashe allurar yana so. Wurin ne ba ya so.

Sai abubuwa suka fara dawo mini. Na tuna duk lokacin da zai je bakin titi, ta bayan masu katako yake zagayawa, hanya mai nisa mai taɓo, alhali layin asibiti miƙe yake. Na tuna wata rana da ƙaya ta soke ni na ce ya raka ni can, ya ce yana da aiki a wuta, ga shi a zaune yana kaɗa ƙafa. Na ƙidaya baya. Shekara shida. Daidai rasuwar matarsa. Sista kuwa mace ce kakkaura mai kyan fuska, tabarau rataye da igiya a wuya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Na ce to, biri ya yi kama da mutum.

Rana ta biyar na ƙirƙiro ciwon gwiwa na tafi wajen Sista. Tana murza mini gwiwar na ce, kamar ba komai, "'Yar nan, kin san maƙwabcina mai gyaran firij?"

Hannunta ya tsaya. Fuskar ta rufe kamar an tura ƙyaure. "Na san shi."

"An ce allurarsa na wajenki."

"Tana nan. Ba ta da ƙafa, Iya. Shi ke da ita."

Na dawo gida gwiwa ta warke.

Washegari da safe, saura kwana ɗaya tal bayan wannan, na shiga shagon ba sallama, na zauna a kan wani mataccen firij da ke kwance. Yana kan benci yana goge wata waya da ba ta bukatar guga.

Na ce, "Nemanta ka yi ta ƙi ka?"

"Wa?"

"Kar ka raina mini hankali. Sista. Ko kuwa alkawari ka yi mata ka gudu? Namiji ke nan, furfura a ka, wauta a ciki. Za ka kashe kanka saboda kunyar mace?"

Ya saki baki. Sai dariya ta kama shi, ya dafe ɗinkin yana cije leɓe, hawaye na fita. "Iya, Allah ya shirye ki. Da ma wannan ne, ai da sauƙi."

"To mene ne? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gobe ce ranar ƙarshe."

Ya ajiye wayar da yake gogewa. Sannan ya jawo aljihun tebur, ya laluba can ƙarshe, ya fito da wani ɗan akwatin kwali da ya sha ƙura. A ciki wani ɗan ƙarfe ne mai doguwar jela a naɗe, sabo fil.

"Kin san wannan?"

"Da na sani da ni ce injiniyar."

"Tamostat. Shi ke ce wa inji sanyi ya isa, huta. In babu shi, inji ba ya tsayawa."

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda ya faɗa mini, kansa a sunkuye. Shekara shida da suka wuce, wata Alhamis, Sista ta zo shagon da kanta tana haki. Firijin da take ajiye alluran yara ya tsaya. In ta rubuta wa ofis, sai a yi wata uku ba a turo kowa ba, ga kwalabe cike. Ya ɗauki jakarsa ya bi ta. Yana buɗewa ya ga tamostat ne ya mutu, kuma ba shi da irinsa. Sai ya yi abin da kowane mai gyara yake yi wa firijin lemo in ya rasa kaya: ya cire wayoyin biyu ya haɗe su kai tsaye, ya naɗe da baƙin salatif. Inji ya tashi. Sista ta yi ta godiya. Ta tambaye shi, "Ya gyaru ke nan?" Ya ce, "Ya gyaru." Bakinsa ya kasa cewa rabin aiki ya yi, a shekarunsa na sana'a bai taɓa faɗin haka ba. A ransa ya ce ai jibi zai dawo da sabo, ba wanda zai sani. Ya kuwa sayo, ga shi nan. Amma ranar da zai kai, matarsa ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Sati bakwai yana kan kujerar asibiti, daga can sai maƙabarta. Da hankalinsa ya dawo ya ci karo da kwalin a aljihun rigar aiki.

"Da na tashi kai wa, sai na haɗu da wani da ke gyaran firijin asibitoci a wajen sayen kaya. Muna hira ya ce mini irin waɗannan alluran, zafi na kashe su, amma daskarewa ma na kashe da yawansu. Kuma in sun narke, wanda bai sani ba ba zai ga komai ba. Ruwa ne a kwalba." Ya juya kwalin a hannu. "Wata biyu, Iya, inji na gudu ba hutu. Yara nawa? Na ce gobe zan je. Goben ta zama sati, satin ya zama shekara. Duk yaron da ya yi tari a layin nan, sai in ji kamar ni na shaƙe shi."

"Ka tabbata har yanzu firijin ne?"

"Ranar da Malama ta ce an kawo nawa, na zagaya ta bayan katangarsu na tsaya gindin taga. Na fi rabin awa. Shi ne. Na san muryarsa. Ko sau ɗaya bai huta ba." Ya ɗago jajayen idanu. "In na je na yi shiru, ruwa za a ɗura mini, in shiga kemo ina zaton da riga a jikina alhali tsirara nake. In na yi magana, unguwa ta ji cewa mutumin da ke sa mutane karce inji shi ya mayar da allurar 'ya'yansu ruwa."

Na daɗe ina kallon sa. Wanzami ba ya son jarfa, wannan kowa ya sani. Amma ban taɓa ganin wanzamin da ya gwammace a binne shi ba.

Na ce, "Sunanka za a ɗaura wa kemon ko jikinka?"

Ban jira amsarsa ba.

"Kuma kai da kake cika baki, a bayan katanga ka tsaya kamar ɓarawon kaji. Ji ka yi. Ka leƙa ciki? In da gaske ruwa ake yi wa yaran mutane, kowace safiya da ka yi shiru an ƙara wasu. Gobe da sassafe zan buga maka ƙofa. In ba ka fito ba, ni zan je in faɗa, kuma ka san yadda nake ƙara wa magana gishiri."

Ya fito. Ya sa rigarsa mai kyau, kwalin a hannu, muka bi layin da ya yi shekara shida bai taka ba, yana tafiya kamar mai zuwa kotu.

Mata cike da benci, jarirai na tsala kuka, ana rataya wani a sikeli yana harbin iska. Sista ta hango mu ta saman tabarau, ta ci gaba da aikinta. Sai da ta sallami mutum biyar sannan ta yafuto mu cikin ɗan ɗakinta. A kusurwa ga tsohon farin firijin yana ta gurnani. A gefe guda kuma wani gajere mai buɗewa ta sama, da takarda manne a jikinsa cike da rubutun hannu.

Ya ajiye kwalin a kan tebur. Ya fara magana, ya faɗi wayoyin, ya faɗi salatif, ya faɗi "ya gyaru". Ba ta katse shi ba. Da ya gama, ta tashi ta buɗe tsohon firijin. Babu kwalba ko ɗaya. Robobin ƙanƙara ne jere, irin waɗanda suke sakawa a akwati in za su fita da allura ƙauye, sun daskare kamar duwatsu.

"Shekara shida rabon da allura ta kwana a nan," in ji ta. "Kai a zatonka mu a nan kunne muke sa wa firij? Safe da yamma nake duba ma'auni in rubuta. Washegarin gyaranka na zo na ga ya wuce ƙa'ida. Na ɗauko kwalaben baya na girgiza, na ajiye, suka kwanta kamar nonon da ya tsinke. Duk wadda sanyi ke ɓatawa na ware ta. Ko ɗaya ba ta shiga jikin ɗan kowa ba."

Ya zauna a kan kujerar da ake zaunar da masu jego.

"Kar ka yi saurin godiya," ta ce. "Sati uku unguwar nan babu allura, mata na zuwa da goyo suna zagina suna komawa. Ofis suka ce wa ya taɓa firijin hukuma? Ni na kira ka ba da izini ba, ni na sa hannu. Shekara uku ƙannena a aiki suna wuce ni wajen ƙarin girma. Sau biyu na aika a kira ka, aka ce matarka na kwance rai a hannun Allah. Na ce a ƙyale shi, in mutumin kirki ne zai zo da ƙafarsa." Ta cire tabarau ta goge. "Ka zo. Sai dai ka ɗan makara."

"Ki yafe mini, Sista."

"Naɗe hannun rigarka."

A nan ne nawa zargin ya motsa. Mace ta yi shekara shida da abu a ƙirji, yau ga wanda ya ja mata a zaune, ga allura a hannunta. Na matso na ce, "'Yar nan, ba don komai ba, a nuna masa kwalbar tukuna."

Ta dube ni, ta dube shi. "Gwiwar ta warke, Iya?"

"Da sauƙi."

Shi kuwa, wanda yanzun nan yake neman gafara, sai na ga hannunsa na lallaɓawa zuwa aljihun gaba. Hali zanen dutse. Ya zaro ɗan gilashinsa. "Sista, in ba za ki ji haushi ba…"

"Sa," ta ce, ta ɗaga murfin gajeren. "Amma sau ɗaya zan buɗe in sa, sau ɗaya in cire. Ka koma ƙarshen layi ka jira."

Ya zauna cikin masu jego fiye da rabin awa, wani jariri na jan masa gemu. Da aka ciro ma'aunin ya kai shi bakin taga ya duba, ya gwada da abin da ke rubuce a takardarta. Ya karanta kwanan watan kowace kwalba, leɓensa na motsi. Ita ma ta bi takardar likita da yatsa layi-layi, ta tambaye shi ko yana jin zazzaɓi, ko allura ta taɓa yi masa illa. Sannan biyu a dantse ɗaya, ɗaya a ɗayan. Ban ga ta danna fiye da kima ba, kuma na sa ido sosai.

Tana rubutu a kati tana magana. Ta ce ta hanta akwai saura, likitansa ne zai faɗi lokaci. Ta ce kar ya ɗauka allura katanga ce. Ya riƙa wanke hannu, ya guji mai tari, in ya ji zazzaɓi bayan an fara kemo kar ya tsaya gwaje-gwajensa, asibiti kai tsaye. Ta ce masu zama kusa da shi su ma ya kamata a yi musu ta mura, don kar su kai masa da kansu. Ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Ni rakiya na yi."

Ya tura mata kwalin. "Bari in sa masa, minti goma ne."

"Kar ka kuskura. Duk yankin nan ba mai yi mini ƙanƙara kamarsa. Ɗauke abinka."

Ni da nake sana'ar, na leƙa na ga gaskiyarta, har raina ya biya.

Da yamma, ba wanda ya sa shi, ya ƙetara titi ya zauna a kujerar mai aski ya ba shi labarin kaf. Wanda ya faɗa wa mai aski kuwa ya faɗa wa gari. Mutum biyu suka zo suka kwashe firijinsu ba a gyara ba. Wata mata ta tsaya a ƙofar shagon ta faɗi maganganun da ko ni sai na yi shiri kafin in faɗa. Ya tsaya ya saurara har ta gama, ya ce, "Gaskiyarki." Kwana biyu dantsensa na ciwo, yana ɗan ɗumi, amma na ga yana cin abinci kamar wanda aka sako daga ɗauri.

Yanzu yana gidan Malama, kusa da babban asibiti. Takan bugo mini waya. An yi zagaye huɗu, saura. Ya rame, abinci ba ya masa daɗi, tafin hannunsa na yi masa zugi in ya taɓa abu mai sanyi, shi da ya ƙare rayuwarsa cikin sanyi. Amma ciwon huhu bai kama shi ba, kuma an ce yana ƙirga ɗigon ruwan da ake sa masa yana gardama da nas-nas. Ciwon gwiwa na gaske ne ya hana ni zuwa har yau.

Ranar da za su tafi, da hantsi, mota na tsaye Malama na loda jaka, na fito na nufo shi. Ya rufe baki da hanci da ƙyalle, ya ɗaga mini hannu daga nesa.

"Tsaya nan, Iya. Ke kullum hannunki cikin ƙanƙara, kullum atishawa."

Na kwance bakin zanena na ciro ɗan katin da Sista ta ba ni washegarin ranar tasa, na miƙa wa Malama ta miƙa masa. Ya karanta gaba, ya juya baya, ya ɗaga shi sama ya duba hatimin. Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi.

Na ce, "Shekara saba'in da biyar ba wanda ya huda mini fata, sai a kanka. Kwana biyu hannuna bai ɗagu ba. Don haka ka je ka sha maganinka ka dawo. In ka sake ka mutu bayan wannan wahalar da ka ba ni, ni da kai ne."